Rami a Bango: Maganar Sheƙar Tsattsewa

Yau maganar tsuntsu muka zo da ita, sai dai kafin mu tashi za ku ga rabinta ta magina ce da masu duba gini. Tsuntsuwar ita ce tsattsewa, musamman baƙar nan da ke hayayyafa a Turai da Asiya, ta zo Afirka ta cinye sauran shekararta. A Birtaniya, ƙidayar tsuntsaye da ake yi duk shekara ta nuna yawanta ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100 tsakanin 1995 da 2020, kuma a watan Disamba na 2021 aka shigar da ita jan jeri, wato sahun tsuntsayen da halinsu ya fi tayar da hankali a ƙasar. Dalilan raguwar suna da yawa, masana ma ba su gama daidaitawa a kan wanne ya fi nauyi ba. Amma a cikin dalilan nan akwai guda wanda kacokan yake hannun ɗan Adam, shi ne rashin wurin sheƙa, kuma maganinsa bai wuce ramin da magini zai bari a bango ba. Ra'ayina shi ne a gina ramin nan tare da gidan tun farko, a kuma sa shi cikin ƙa'idar gini, kada a bar shi a hannun wanda ya ga dama.

Sai an san yadda tsuntsuwar take rayuwa za a gane dalilin da rami ya zama babban abu haka. Nauyinta wajen giram 40 ne, bai kai na ƙwan kaza ba, amma in ta buɗe fukafukanta sukan haura santimita 40, dogaye, sirara, a lanƙwashe ta baya. Ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, faratan kuma masu kaifi, don haka tana iya maƙalewa a jikin bango, amma ba za ka gan ta zaune a kan wayar lantarki ko reshen bishiya ba. Wadda ka gani jere a kan waya wata ce dabam, kama ce kawai ta haɗa su. Ita wannan a sama take cin abinci, tana cafke ƙananan ƙwari da gizo-gizon da iska ta ɗauko. A sama take shan ruwa, ta sauko ta shafi fuskar tafki da baki ta wuce. A sama take hutawa, har saduwa takan yi a can. A 2016 masu bincike na Jami'ar Lund da ke Suwidin, ƙarƙashin Anders Hedenström, suka wallafa sakamakon wasu ƙananan na'urori da suka ɗaura wa tsattsewa don sanin lokacin da take tashi da lokacin da take zaune. Cikin tsuntsaye 13 da aka samu bayanansu, an tarar kusan duk watanni goman da suke yi ba tare da kiwon 'ya'ya ba a iska suka yi su, uku daga ciki ma ba su sauka ko sau ɗaya ba. Halittar da take haka, buƙatarta ga doron ƙasa guda ce tak: wurin da za ta ajiye ƙwai, domin ƙwai dai ba ya zama a iska.

Yawancin abin da aka sani game da wannan ɗan lokaci na saukarta ya fito ne daga hasumiyar gidan tarihin halittu na Jami'ar Okusfod. A ƙarshen shekarun 1940 David Lack da matarsa Elizabeth suka sa akwatuna masu gilashi a bayan ramukan shan iska na hasumiyar, ta yadda mutum zai zauna a duhu ya kalli abin da ke gudana cikin sheƙa ba tare da ya firgita masu ita ba. A 1956 Lack ya fitar da littafi a kan abin da suka gani, kuma har yau ana ci gaba da lura da tsuntsayen hasumiyar. Tsattsewa tana isa Ingila a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Kayan sheƙarta duk a iska take tsinto su, ɗan gashin tsuntsu, ɗan tsinken ciyawa, ɓawon iri, ta manne su da yawunta su zama ɗan faifai mai zurfi kaɗan. Takan yi ƙwai biyu ko uku, mace da namiji su yi ta karɓa-karɓar kwanci na kusan kwana 20. In an ƙyanƙyashe, iyayen kan tara ɗaruruwan ƙwari a maƙogwaro, su dunƙule su da yawu, su kawo wa 'ya'yan. Idan ruwa da sanyi suka hana samun abinci, 'ya'yan suna iya rage zafin jikinsu su yi likimo na kwanaki har yanayi ya gyaru. Bayan kamar mako shida ɗan tsattsewa zai leƙo bakin rami, ya saki jiki ya faɗa iska, shi ke nan, ba ya dawowa, kuma ba a raka shi. Zai yi shekara biyu ko uku yana yawo tsakanin nahiyoyi, yawanci sai ya kai wajen shekara huɗu zai fara nasa iyalin. To ga inda gizo ke saƙar: da zarar ma'aurata sun kama rami, shi za su riƙa komawa duk shekara, ramin nan dai ba na kusa da shi ba, kuma a nan suke sake haɗuwa bayan wata tara ba su ga juna ba.

A da can cikin kogon tsofaffin bishiyoyi da tsagar duwatsu tsattsewa take sheƙa, kuma har yanzu akwai 'yan kaɗan da ke yin haka a dajin Abernethy na Sikotilan da dajin Białowieża na Folan. Da aka sare tsofaffin dazuzzukan Turai, sai ta koma gine-ginen mutane, ta samu mafaka a ƙarƙashin bakin rufi, da tsakanin bango da katakon jinka, da hasumiyoyin coci, da duk inda turmi ya zube ya bar kafa. Ɗaruruwan shekaru aka yi a haka ba wanda ya lura cewa wata halitta ta dogara gaba ɗaya ga kurakuran magina. Yanzu kurakuran ne ake gyarawa. Ana sauya tsohon rufi, ana rufe ƙarƙashin bakinsa da roba mai santsi, ana liƙa wa bango abin tare sanyi don rage kuɗin ɗumama ɗaki, sababbin gidaje kuwa tun farko a toshe ake gina su, ko tsinke ba zai shiga ba. Ba mugunta ce ta kawo haka ba, mutumin da ke fama da sanyin Turai yana da gaskiya in ya toshe kafar da iska ke shigo masa. Doka ma ba ta hana shi ba, domin dokar kare namun daji ta 1981 a Birtaniya tana kare sheƙa ne muddin ana gina ta ko ana amfani da ita. A watan Janairu, lokacin da mai ramin take can sararin Kwango ko Mozambik, ramin ba na kowa ba ne a idon doka. Sai Mayu ya yi ta dawo, ta yi ta kai gwauro tana kai mari, tana bugun daidai wurin da ƙofarta take a da. Ma'auratan da haka ta same su sukan yi asarar wannan shekarar, wani lokaci har da ta gaba. Kuma abin bai tsaya a Turai ba. A Beijin, tsattsewar da ke sheƙa a tsofaffin ƙofofin birni da fadojin sarakuna, wadda na'urori suka nuna tana zuwa har Namibiya da Botswana, ta ragu ƙwarai bayan an rushe ganuwar birnin da yawancin ƙofofinta, aka kuma sa raga a ƙarƙashin rufin gine-ginen da suka rage.

Maganin da ake magana a kai ƙaramin abu ne. Bulo ne mai kogo a ciki, wanda fuskarsa ta yi daidai da sauran bulon gidan, sai dai yana da 'yar ƙofa a kwance, tsawonta kamar milimita 65, tsayinta kamar 30, daidai yadda tsattsewa za ta kutsa amma manyan tsuntsaye ba za su iya ba. Cikinsa a rufe yake ta baya, ba abin da zai ratsa zuwa cikin ɗaki. Magini yana jera shi ne a sahun sama, kusa da bakin rufi, aƙalla mita biyar daga ƙasa, inda babu bishiya ko waya a gabansa, domin tsuntsuwar da gudu take shiga, in za ta fita kuma sai ta faɗo kaɗan kafin iska ta ɗauke ta. Tun da a jama'a suke son zama, akan sa uku ko huɗu a bango ɗaya. A 2022 hukumar ƙa'idojin kayayyaki ta Birtaniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba BS 42021 wadda ta fayyace duk waɗannan. Akwai kuma akwatin katako da ake kafawa a jikin bango daga waje, shi ne abin da mai tsohon gida zai iya yi, kuma yana aiki. Amma katako yana ruɓewa, sabon mai gida yana iya cire shi ranar da zai yi fenti, rana kuma tana gasa shi in an kafa shi a inda ba inuwa. Zafi ba abin wasa ba ne ga 'ya'yan tsattsewa. A watan Yuni na 2022, da aka yi matsanancin zafi a kudancin Sifaniya, an riƙa tsintar su da yawa a titunan Sebiliya da Kurɗuba, sun faɗo daga ramukan da suka yi zafi tun fukafukansu ba su yi ƙwari ba. Bulon da ke cikin kaurin bango ba ya saurin ɗaukar zafi haka, kuma zai daɗe gwargwadon daɗewar gidan. Dabarar ma ba sabuwa ba ce: maginan Daular Usmaniyya sun riƙa sassaƙa wa tsuntsaye gidaje a jikin bangon masallatai, kuma wanda ya je unguwar Uskudar a Istanbul zai ga na masallacin Ayazma da na Yeni Valide, duka ginin ƙarni na 18.

Suka mafi ƙarfi da ake yi wa wannan ra'ayi ita ce cewa an bar jaki ana dukan taiki. Masu wannan magana suna cewa yunwa ce ke kashe tsattsewa, ramuka kuwa ko an cika gari da su ba za su ciyar da ita ba. Suna da abin kafa hujja. A 2017 aka wallafa binciken da masana ƙwari na garin Krefeld suka yi a wurare 63 da aka keɓe don kare halittu a Jamus, wanda ya nuna nauyin ƙwari masu tashi da tarkunansu ke kamawa ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a shekara 27. Tsuntsun da ba ya cin komai sai ƙwari masu tashi, dole irin wannan labari ya shafe shi. Akwai kuma wani bincike da aka yi a Birtaniya da bayanan sheƙuna da na zoben da ake sa wa tsuntsaye a ƙafa, wanda ya gano cewa a shekarun da ruwa ya yi yawa a lokacin kiwon 'ya'ya, sheƙuna sun fi lalacewa, 'ya'yan da suka tashi kuma kaɗan ne ke kai shekara. Abin lura, wannan binciken bai ga alaƙa tsakanin halin tsattsewa da yawan ƙananan ƙwarin ganye da tarkunan cibiyar Rothamsted ke kamawa ba, don haka ita ma maganar yunwar ba a rufe ta ba. Duk da haka na yarda da masu sukar a kan abu guda: wanda ya ce rashin rami ne kaɗai ya jawo raguwar, ya faɗi abin da hujja ba ta kai ba.

Inda na rabu da su shi ne a kan abin da ya kamata a yi da wannan sani. Abinci da rami ba kishiyoyi ba ne da za a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Tsattsewar da ta ƙoshi amma ba ta da rami ba za ta haifi komai ba, haka wadda take da rami amma ba abinci. Kowanne ya ɓace, lissafin ya koma sifili. Sai a duba wanne ne hannu zai iya kaiwa. Ruwan watan Yuni ba ya bin umarnin majalisa. Dawo da ƙwari yana buƙatar a sauya yadda ake noma da feshin magani a faɗin nahiya, aikin shekaru da dama ne, kuma yana da masu adawa masu ƙarfi. Rami kuwa aikin minti kaɗan ne ga maginin da ya riga yana kan bango da cokalinsa a hannu. Sannan akwai batun lokaci. Gidan da aka gina bana zai iya kai shekara ɗari a tsaye, kuma gwamnatin da ta hau mulki a Birtaniya a 2024 ta yi alkawarin gidaje miliyan ɗaya da rabi a Ingila cikin wa'adinta. In an gina su a toshe, ko da an yi nasarar dawo da ƙwari nan da shekara 30, tsuntsayen za su tarar da abinci a sama amma ba masauki a ƙasa, kuma fasa bangon da aka gama don a sa bulo ya ninka sa shi tun farko tsada da wahala. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma shaidar cewa ramin da kansa yana sauya lissafi. A ƙauyen Fulbourn kusa da Kambirij, an rushe wata tsohuwar unguwar gidaje da tsattsewa ta daɗe tana sheƙa a cikinta. Maimakon a share komai lokaci guda, sai aka riƙa rushewa kashi-kashi, ana sa wuraren sheƙa a sababbin gidajen, wasu a cikin bango wasu a waje. Tsuntsayen suka koma sababbin gine-ginen, suka fi karkata ga na cikin bango, kuma unguwar ba ta rasa tsattsewarta ba. Mai gardama zai ce ai waɗannan ba ƙaruwa ba ce, ƙaura ce kawai daga wani rami zuwa wani. Ko da haka ne, ramin da suka baro rushe shi aka yi, da ba a tanadi wani ba da babu inda za su. Hujjar da ta fi wannan faɗi ma a nahiyarmu take. Ƙaramar tsattsewa mai farin ƙugu, wadda muke gani tana shawagi a biranenmu, asalinta a jikin duwatsu take sheƙa. Da aka yawaita gadoji da benaye na kankare a Afirka cikin ƙarni na 20, sai ta bazu zuwa wuraren da a da ba a san ta ba, har ta tsallaka teku ta fara hayayyafa a kudancin Sifaniya. Dangi ɗaya ne, abinci iri ɗaya, amma wadda sabon salon gini ya buɗe wa ƙofa ta yaɗu, wadda ya rufe wa tana ja da baya.

Wata sukar kuma ita ce yawancin ramukan da ake sawa a banza suke zama. Gaskiya ne tsattsewa ba ta da saurin karɓar sabon wuri, ana iya shekara biyu, uku, ko fiye kafin ta shiga. Dalilin yana cikin ɗabi'arta. Manya sun riga suna da nasu, masu neman sabo su ne matasan da ba su fara iyali ba, waɗanda ke zuwa a tsakiyar lokacin zafi suna zagaya gine-gine cikin gungu da ƙara mai kaifi, suna taɓa bakin ramuka da fiffike don su ji ko da mai shi a ciki. Inda suka ji kukan 'yan'uwansu can suke nufa. Shi ya sa masu wannan aiki, irin su ƙungiyar Action for Swifts, suke sa 'yar lasifika kusa da sabon rami suna kunna kukan tsattsewa safe da yamma, kuma hakan yana gajarta jiran sosai. Kafin ta zo ɗin ma ramin ba ya zama kango. A sabuwar unguwar Nansledan da ke Kornwal, inda aka sa irin wannan bulo a gidaje da yawa, bibiyar da ake yi ta nuna gwara da wasu ƙananan tsuntsayen gari suna shiga, gwara kuwa ita ma tana cikin jan jerin nan na Birtaniya. Bulon da zai yi shekara 80 a bango, ba a yanke masa hukunci da shekara ukun farko.

Maganar ƙazanta ba ta da tsawo. Iyayen sukan cinye kashin 'ya'yan ko su fitar da shi, bangon ba ya ɓaci kamar yadda tattabaru ke ɓata shi, kuma wata uku kawai suke yi su tafi. Kuɗi ma haka: bulon yana kamawa wajen fam 35, a gidan da ake sayarwa fam dubu ɗari biyu ko uku.

To in abin yana da sauƙi haka, me ya sa sai an yi doka? Wannan ita ce tambayar da gwamnatocin Birtaniya suka riƙa fakewa da ita. A ƙarshen 2022 wata marubuciya, Hannah Bourne-Taylor, wadda ta taɓa rainon ɗan tsattsewa lokacin da take zaune a Gana, ta buɗe takardar koke tana neman a wajabta bulon a duk sabon gida. Mutum fiye da 100,000 suka sa hannu, aka tattauna batun a majalisa a watan Yuli na 2023, 'yan majalisa daga ɓangarori dabam-dabam suka goyi baya, amma gwamnati ta ce a bar wa ƙananan hukumomi. An sake kawo gyaran doka a Majalisar Dattawa a shekarar, aka kuma kawowa a 2025 a ƙarƙashin sabuwar gwamnati, duka ba su wuce ba. Sai dai a ƙarshen 2024 an ambaci tsattsewa da suna a cikin manufofin tsara gine-gine na Ingila, a matsayin abin da ake ƙarfafa gwiwa a kai. Wasu ƙananan hukumomi sun yi nasu, kamar birnin Brighton da Hove da ya sa sharaɗin tun 2020 ga sababbin gine-ginen da suka haura mita biyar. Amma tsuntsuwar ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba, kuma kamfanin da ke gina dubban gidaje a garuruwa goma ya fi samun sauƙi da ƙa'ida ɗaya a kan ƙa'idoji goma.

Hujjar da ta fi gamsar da ni a nan ta fito ne daga Jami'ar Sheffield. A 2024 masu bincike daga can suka zagaya sababbin unguwanni 42 a Ingila, masu gidaje kusan 6,000, suna riƙe da takardun izinin gini, suna duba ko abubuwan da kamfanoni suka yi alkawarin yi wa halittu suna nan a ƙasa. Kusan rabi kawai suka tarar. Akwatunan tsuntsaye da na jemage kuwa, kashi 75 cikin 100 babu su. Lura fa, waɗannan ba kyauta aka roƙa ba, sharuɗɗa ne da aka rubuta aka sa hannu. In abin da aka rubuta ma haka ya ƙare, ina ga wanda aka bar wa ganin dama? Wani zai juya hujjar ya ce to ashe dokar ma ba ta da amfani. Abin da ta nuna shi ne sharaɗin da ba mai zuwa dubawa ba ya aiki. Shi ya sa masu fafutukar wajabta bulon suke nema a sa bulon a cikin ƙa'idojin gini kansu, inda mai duba gini ke zuwa ya ga tushe, ya ga wayar wuta, ya ga hanyar ruwa, kafin ya sa hannu a ce gida ya kammala. Ɗaga kai ya ƙirga ramuka uku a ƙarƙashin rufi ba zai ƙara masa aikin minti biyu ba. Na san akwai masu ƙyamar a riƙa ƙara wa magina dokoki alhali mutane na neman wurin kwana, kuma ƙyamar tana da tushe, don akwai ƙa'idojin da ke jinkirta gini shekara guda. Wannan ba ya cikinsu. Ba ya buƙatar fili, ba ya buƙatar a jira wani bincike, ba ya hana a aza bulo na gaba.

Mai sauraro a Kano ko Damagaram zai iya cewa wannan duk rigimar Turawa ce. Rigimar dokar tasu ce, amma tsuntsuwar ta fi daɗewa a samanmu a kan samansu, wata uku take yi a can, sauran a Afirka da kan hanya. Na'urorin da aka ɗaura wa tsattsewar Suwidin da ta Ingila sun nuna cewa a kan hanyar komawa, wajen Afrilu zuwa farkon Mayu, da yawansu sukan yada zango a sararin Afirka ta Yamma, musamman wajen Laberiya, su yi ƙiba kafin su tunkari Sahara. Wata da aka bi sawunta daga Ingila ta yi kamar kwana goma a can, sannan ta cinye kilomita 5,000 a kwana biyar ta isa gida. Lokacin nan ya zo daidai da faɗuwar ruwan farko, sa'ad da shinge ke fitowa daga ƙasa, kuma wanda ya ɗaga kai a gaban hadari a ƙarshen bazara zai iya ganin baƙaƙen tsuntsaye masu dogayen fukafukai suna yanka iska can sama. Wasunsu 'yan ramukan da muke magana ne.

Namu na gida kuma suna da tasu buƙatar, ko da yake ba bulo ba ce. Mai farin ƙugun nan tana manna sheƙunanta a cunkushe a ƙarƙashin gada, da bakin rufin makarantu da asibitoci da manyan masallatai, tana kuma kwana a cikinsu ko ba lokacin ƙwai ba. Ita kam tana zubar da kashi, ba za a ɓoye ba, kuma shi ya sa ake kai mata gora ranar da za a yi fenti. Katako ɗaya da za a kafa a ƙarƙashin sheƙunan ya tare abin da ke zubowa, in kuma gyaran ya zama dole, a duba a tabbata babu ƙwai ko 'ya'ya kafin a taɓa. Sai siririyar nan mai launin ƙasa da doguwar wutsiya da ke zagaya giginya da goruba. Ita a bayan ganyen da ya sunkuyo take liƙa ɗan gashi da yawu, ta kuma liƙa ƙwanta biyu a jikinsa don kada iska ta zubar, ta yi kwanci a tsaye tana maƙale. Irin waɗannan itatuwa ta fi dogara da su, giginya kuwa ana sare ta don azara fiye da yadda ake dasa ta, ga shi tana shekaru masu yawa kafin ta girma. Mai giginya a gona, in zai yanki ganye, ya duba bayan waɗanda suka sunkuyo tukuna, ya bar wanda ya ga farin gashi manne a jikinsa har 'ya'yan su tashi.